Bayan wutar masallacin Larabar Abasawa: wa ya leƙa masu jinya?

Hajiya Sista:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya wani ya sake turo labarin hukuncin da aka yanke wa mutumin nan da ya cinna wa masallaci wuta a Larabar Abasawa, ƙaramar hukumar Gezawa ta jihar Kano, sai na ga kowa ya yi hamdala ya wuce. Ga wanda ya manta: ranar Laraba 15 ga Mayu 2024, ana cikin sallar asuba, ya watsa fetur, ya kulle ƙofa, ya kunna wuta. 'Yan sanda suka ce rikicin gado ne, ke nan waɗanda ke cikin sahun har da danginsa. Aka kwashe mutane zuwa Asibitin Murtala. Ranar farko mutum ɗaya aka ce ya rasu, daga nan kullum sai adadin ya ƙaru, har ya haura 20. A Mayun 2025 kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Kotu ta yi nata. Ni tambayata daban ce, kuma a matsayina na wadda ta tsufa a aikin jinya nake yin ta. Idan irin wannan ya faru a gari ƙarami, ana zuwa gaisuwa gidan mamaci, ana kai wa marayu hatsi, manya na zuwa da 'yan jarida. Amma waɗanda suka kwana suna wanke raunukan nan, suna canza bandeji, suna rufe idon wanda ya cika, akwai wanda ya taɓa tambayar su yadda suka kwana?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, da girmanki, amma ni ban ga abin tambaya a nan ba. Aikinsu ne, a kansa ake biyan su albashi. Abin tausayi su ne matan da aka bari da yara. Kuma gaskiya a faɗe ta, wasu nas-nas ɗin ba su bar wa kansu wurin tausayi ba. Na taɓa kai ƙanina wani asibiti jini na zuba, wata ta daka min tsawa kamar ni na sare shi.

Nas Mai Dare:
Allah Ya ba ka haƙuri Alhaji, tsawa ba ta da kyau, ba zan kare ta ba. Amma ku nawa kuka shiga ɗakin tare da shi?

Ɗan Kwari:
Ba mu fi takwas ba.

Nas Mai Dare:
To ka ji.

Dokta Ƙarami:
Mama Hajiya ta taɓo abin da mutane ba su sani ba game da ƙuna, bari in ɗan buɗe shi, don shi ne dalilin da ya sa adadin ya riƙa hawa a hankali.

Wanda mota ta buge, ko dai ya tafi nan take ko a shiga da shi tiyata a san matsayinsa. Ƙuna ba haka take ba. Fata ita ce ke riƙe ruwan jiki, ita ce kuma ke tare ƙwayoyin cuta. Idan ta tafi, ruwa na tsiyayewa daga jijiyoyi ba ƙaƙƙautawa. Lissafin da aka koya mana shi ne: mililita 4, sau nauyin mutum a kilo, sau kason jikinsa da ya ƙone cikin ɗari. Mutum mai kilo 60 da rabin jikinsa ya ƙone yana buƙatar kusan lita 12 na ƙarin ruwa cikin awa 24 na farko, rabi a awa 8 na farko. Leda 24 ke nan ta rabin lita, ga mutum ɗaya. Yanzu ku ninka da mutum ashirin da suka iso lokaci ɗaya da sassafe, masu aikin dare ba su miƙa wa na safe ba. Kowanne sai an nemo masa jijiya a hannun da ya kumbura, kowanne sai an sa masa robar fitsari ana auna abin da ƙoda ke fitarwa awa-awa.

Sannan wutar ɗaki a kulle tana da nata sharrin. Mutum ya shaƙi hayaƙi mai zafi, maƙogwaro ya ƙone ta ciki, amma da farko yana magana garau. Sai bayan wasu awoyi hanyar numfashi ta kumbura ta toshe. Wanda ya tsallake wannan, ƙoda na jiran sa. Wanda ya tsallake ƙoda, bayan kwanaki ƙwayoyin cuta su shiga jini.

Abin da ke karya ma'aikaci shi ne, mai ƙuna sau da yawa yana cikin hayyacinsa. Ya san sunanka, yana tambayar ka ɗansa da ke gadon can, yana ce maka Allah Ya yi albarka bayan ka gama wanke masa ciwon da ya sa shi ihu. Kai kuma tun ranar farko ka ƙiyasta kason jikinsa, ka haɗa da shekarunsa, ka san inda abin ya dosa. Haka za ka yi ta gaisawa da shi har ranar da za ka zo ka tarar an sauya zanin gadon.

Ummu Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dokta, to me ya sa ba kwa gaya wa dangi gaskiya? Kullum sai "da sauƙi", sai kawai a kira mu a ce a zo da likkafani.

Dokta Ƙarami:
Anti, daga ɓangare biyu ne. Idan na ce wa babban wa jikin nan ya yi nisa, sai ya ce likita ya yanke wa ɗan'uwansa rai, ko su ɗauke shi su koma gida a fara shafa masa abubuwa. Idan na yi shiru, ranar da ya cika a ce sakaci ne, ai jiya ma ya sha kunu. Ni dai yanzu na kan nemi dattijo ɗaya a gidan, in zaunar da shi, in gaya masa abin da na gani da abin da za mu iya, in ce sauran na Allah ne. Ba kullum yake karɓuwa ba.

Abu Sumayya:
Ku na birni ma kuna da sauƙi, don in kun tashi aiki kun shige cikin mutanen da ba su san abin da kuka wuni kuna yi ba. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma ɗan garin ne. Ni ne nas, ni ne mai ba da magani, ni ne "likita" a bakinsu. Duk wanda aka shigo da shi na san uwarsa.

Shekarun baya aka yi rikicin iyakar gona tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Aka kawo min su biyun kusan tare. Ɗaya an soke shi a ciki, ɗayan, wanda ya yi sukar, wuƙar ta yanke masa tafin hannu sosai. Na farkon na danne masa ciwon, na sa masa ruwa, na sa aka nemo mota aka wuce da shi babban asibiti, don ba abin da ɗakina zai iya yi wa hanjin da ya huje. Ya cika a hanya. Na biyun jini na ta zuba, ga matasa sun taru a waje, sai na kulle ƙofa na ɗinke shi, na riƙe shi har 'yan sanda suka zo.

Daga ranar na zama "wanda ya ɗinke makashi". Gidan mamacin suka daina amsa sallamata. Wannan da ni kaɗai ya shafa da na haƙura. Amma matan gidan da na makusantansu suka daina zuwa awo. Ranar rigakafi a kulle ƙofa a ce ba yara. Wata matar gidan ta gwammace ta haihu a ɗaki da a kira unguwarzomarmu, har sai da jini ya ɓalle aka fita da ita cikin dare. Su kuma dangin wanda ya yi kisan kunya ta hana su fitowa, mahaifiyarsa mai hawan jini ce, ta daina zuwa karɓar magani don kada ta haɗu da kowa a layi. Rikicin mutum biyu, sai ga rabin unguwa ba sa zuwa asibiti.

Ɗan Kwari:
Malam Abu, ka yi haƙuri, amma ni ma da ɗan'uwana ne ba zan ƙara gaishe ka ba. Mutum ya kashe rai, kai kuma ka zauna kana lallaɓa masa hannu? A bar shi ya ji abin da ya jiyar.

Malam Na-Zaure:
Alhaji, a yi hattara. Zafin zuciyar ɗan'uwan mamaci abin fahimta ne, amma ba a gina hukunci a kansa. Ƙisasi haƙƙin magada ne, alƙali ne ke tabbatar da shi bayan shaida, su kuma suna da zaɓin su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Idan ma'aikacin lafiya ya bar mutum jini ya ƙare masa, ya ƙwace wa alƙali aikinsa, ya ƙwace wa magada zaɓinsu, kuma ya yi hakan kafin a san ko ganganci ne, ko kuskure, ko kare kai. Ya tabbata a hadisi cewa an gafarta wa wani saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ina ga ɗan Adam da ake jiran a gurfanar da shi? Shi kansa mutumin Gezawa, da jama'a sun gama da shi a ranar, da babu shari'ar da kuke yi wa hamdala yau.

Abin da na fi so mu ɗauka shi ne maganar gado. Allah da kanSa Ya raba shi a Suratun Nisa'i, amma mu sai a bar gona da gida shekara goma, ashirin, a hannun babban wa, a ce kunya, a ce kada a raba kan gida. Kafin a waiwayo wasu magadan sun mutu, nasu magadan sun shigo, lissafi ya cakuɗe, zukata sun cika. Wannan ba uzuri ba ne ga mai laifi ko kaɗan, kuma a shari'a wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. Amma duk limami da mai unguwa sun san gidajen da ke hayaƙi a garinsu.

Barista:
Ƙari kan maganar Malam, ta fuskar dokar ƙasa ma Abu Sumayya ba shi da zaɓi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Sai kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta ce a karɓe su a fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, amma asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin.

Sai dai wannan sanarwar tana da nauyi a ƙauye. A birni takarda ce ake cikewa. A ƙauye kowa ya san wa ya buga wayar. Kuma idan aka je kotu, wanda ya fara ganin raunin shi ake kira ya faɗi zurfinsa da irin makamin. Ka tsaya ka ba da shaida a kan ɗan maƙwabcinka, da yamma kuma ku haɗu a sahu ɗaya.

Abu Sumayya:
An kira ni kuwa. Bayan na ba da shaidar sai ɗaya gidan ma suka ɗauke min wuta.

Ummu Khalil:
Ni bari in yi maganar mata, don su ake bari da garin. Ku ɗauki na Larabar Abasawa ku yi lissafi da hankali. Sahun asuba a masallacin unguwa su waye? Magidanta ne da dattawa da yaran da suka biyo iyayensu. Ke nan gidaje da yawa sun shiga takaba kusan lokaci guda, wata huɗu da kwana goma. A al'ada idan mace na takaba maƙwabta ne ke ɗauke mata girki da ɗiban ruwa. To idan maƙwabciyar ma tana takaba, ko tana kwance a barandar asibiti a Kano tana jinyar miji fa? Kuma tsakiyar Mayu ne, ana sharar gona ana jiran ruwan shuka. Wata ɗaya bayan nan aka yi babbar sallah.

Sannan a gari irin wannan ba a iya ware dangin mai laifi gefe guda, saboda auratayya ta haɗa kowa. Za ka samu mace ɗaya, wanda aka kashe mijinta ne, wanda ya yi kisan kuma ɗan ɗakinsu ne ko ɗan baffanta. Ina za ta zauna a wurin makoki? 'Ya'yansa da ba su san komai ba, da wane ido za a dube su a Islamiyya? A garinmu an taɓa yin kisa tsakanin dangi, har yau akwai gidajen da ba sa cin abincin bikin juna, kuma yaran da aka haifa bayan abin sun gaji gabar ba tare da sun san mafarinta ba.

Nas Mai Dare:
Anti kin faɗi gaskiya. Ni kuma in koma kan tambayar Mama. Jama'armu suna da alheri, wannan ba a musu. Ranar Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 da aka kai hari babban masallacin Kano, mutum sama da 100 suka rasu, da aka yi kiran a zo a ba da jini mutane sun fito. Amma alherin nan shi ne kuma yake zama mana nauyi. Gari guda zai taso dubiya, a cika ɗakin masu ƙuna, alhali su ne suka fi kowa saurin kamuwa da cuta daga hannu da numfashin mai dubiya. Ka ce a fita, a ce ba ka da mutunci. Ga masu ɗaga waya suna ɗaukar mutum ba sutura, kafin ka juya hoton ya shiga WhatsApp, matarsa a gida a nan za ta fara ganin sa.

Idan aka tashi aiki kuma ba wanda za ka gaya wa. Na yi aiki a ɗakin masu ƙuna, na daɗe ba na iya wucewa ta gaban mai tsire. Barci ya ƙaurace min, in yaro ya matsa kusa da risho sai in yi masa tsawar da ta fi laifinsa. Da na gaya wa wata babbarmu sai ta ce in yi ta addu'a, aikin ke nan. Addu'a ina yi. Amma da ciwon kai na ce ina yi ai da ta ba ni magani ta haɗa da addu'ar. Wataƙila wadda ta daka wa Alhaji tsawa ma irin abin da ke cikinta ke nan, ban ce ta kyauta ba.

Hajiya Sista:
'Yata, abin da nake nufi ke nan. A zamaninmu ko sunan abin ba mu sani ba, sai dai a ce Sista wance ta cika faɗa, ko wane ya fara shan maganin barci. Kuma a Kano da ka ambaci ganin likitan ƙwaƙwalwa sai a ce za a kai ka asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, a yi dariya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma doka ba ta zaunar da ma'aikata bayan mummunan dare ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Wannan shugabar ɗaki ce za ta yi, ba ya cin ko sisi. Ni da na zama babba na riƙa yi, shayi kawai nake sa a dafa, in hana wanda ya karɓi gawa uku a dare ɗaya dawowa washegari.

Baban Iman:
Ku ƙara da ma'aikatan lafiyar da su aka nufa kai tsaye. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu rigakafin shan inna a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano. Kwana biyu bayan nan aka kashe likitoci 3 'yan Koriya ta Arewa a gidansu a Potiskum. A Rann ta jihar Borno aka sace ma'aikatan lafiya mata ranar 1 ga Maris 2018, aka kashe unguwarzoma Saifura Khorsa a Satumba, aka kashe Hauwa Liman a Oktoba.

Mai Kula da Zaure:
Baban Iman, Allah Ya jiƙan su, amma wannan ta'addanci ne, kada mu bar maganar da Hajiya ta ɗauko. Kuma ina tunatarwa, duk wanda ya turo hoton gawa ko na mai rauni zan cire shi.

Hajiya Sista:
Bar shi ɗana, bai fita daga layi ba. Ko daga waje aka zo ko daga cikin gida, ƙarshenta ma'aikaci ya nemi canjin wurin aiki, iyaye su hana 'yarsu karɓar aikin ƙauye, mai naƙuda ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Barista:
To ko mafita ita ce a daina tura mutum aiki garinsu? Baƙo ba shi da dangi a rikicin.

Abu Sumayya:
Barista, baƙo ba ya kwana. Ƙarfe biyu ya hau babur ya koma birni, kuma rikici da naƙuda ba su san lokacin tashi ba. Ni da aka buga min ƙofa ranar, daga gona na dawo ko wanka ban yi ba. Abin da na rasa shi ne wanda zai tsaya min. Da dagaci ko liman ya miƙe ranar sadakar uku ya ce jama'a, yaron nan aikinsa ya yi, kuma ni na ce ya yi, da maganar ta mutu a wurin. Kowa ya yi shiru don kada a ce ya ɗauki ɓangare. Sai bayan kusan shekara da liman ya taɓo maganar a huɗuba sannan mata suka fara dawowa awo.

Maman Hanifa:
Dokta don Allah kafin a rufe, idan wuta ta ƙona mutum me za a fara yi? Mu dai manja muka sani ko ɗanyen ƙwai.

Dokta Ƙarami:
Kada a sa manja, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka, ko gishiri. Duk sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, kuma suna shigar da cuta. A kashe wutar jikin, a zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba, na kamar minti 20. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta, kada a fasa ƙurajen ruwan. A rufe da zani mai tsabta a tafi asibiti. Idan ƙunar mai faɗi ce, musamman ga yaro, a lulluɓe shi bayan an zuba ruwan don kada sanyi ya kama shi. Wanda wuta ta rutsa da shi a ɗaki, ko fatarsa ba ta nuna komai ba, in muryarsa ta dishe ko akwai baƙi a hancinsa, a garzaya da shi. A Kano asibitin ƙashi na Dala ma yana da sashen masu ƙuna. Kuma mutum biyu sun isa rakiya, sauran su je ɗakin ba da jini.

Mai Kula da Zaure:
Wannan ta ƙarshen za mu iya yin ta. Duk wanda ya san rukunin jininsa kuma yana cikin Kano ya turo min ta gefe, in haɗa jerin, kada sai abu ya faru a fara cigiya.

Ɗan Kwari:
Ni O ne, a sa sunana, da yaran shagona biyu in sun yarda. Amma Malam Abu, maganar ɗinke hannun nan har yanzu ba ta kwanta min ba. Na ji hujjar Malam, na ji ta Barista, zuciyata ce ba ta karɓa ba.

Abu Sumayya:
Ba komai Alhaji. Su yaran a fara auna su tukuna, ba a ɗibar jinin wanda bai kai kilo 50 ba.